Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Autanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka da duk inda saƙon nan ya iske ku. A madadin Inna da gidanmu baki ɗaya nake rubutu. Daren Juma'ar da ta wuce Auta ya koma filin zari-ruga bayan jinyar gwiwa, ya buga minti 20 na ƙarshe, ya fita da ƙafafunsa lafiya lau. Alhamdulillahi.

Ga wanda labarin bai kai gare shi ba: a nan Jidda ya koyi zari-ruga wajen Turawa ma'aikata. Karatu ya kai shi Faransa, wani kulob na gasar Pro D2, wadda ke bin bayan Top 14, babbar gasar ƙasar, ya sa shi cikin matasan da yake horarwa, daga baya ya ba shi kwantiraginsa na farko. Lamba 14 yake sawa, gefen dama, gurbin masu gudu. Kakar farko ba ta ƙare ba jijiyar cikin gwiwarsa ta tsinke. Ko taɓa shi ba a yi ba. Ya dasa ƙafa zai kauce wa mutum, gwiwar ta murɗe. Likitoci suka ce sai tiyata da jinyar wata 9, ga yaro bai riga ya kafu ba, ga wasu na jiran gurbinsa. Wannan ya fi ciwon hana shi barci.

Gwaggo, da ke zan fara. Ke kika tara matan unguwar Hindawiyya suka bar wa Inna kwasar adashensu ta sayi tikitin zuwa wajensa. Yawancinsu ba su taɓa ganin wasan ba, ba su san ƙwallon mai siffar ƙwai ba ce, ko cewa baya ake miƙa ta. Ɗanmu ne kawai, suka ce, kuma a wurina wannan ya fi kuɗin nauyi. Kawu da mutanen Shara Mansur da suka riƙa sa shi cikin addu'a a Harami, mun gode.

Sai wani bawan Allah ɗan Damagaram, direba a garin da Auta yake, wanda da ba mu san shi ba. Cikin sanyin asuba yakan hau bene ya riƙo shi, sanduna a ɗaya hannun, ya kai shi gashin ƙashi kafin ya fita nema. Maiɗakinsa ta riƙa aiko tuwo da miyar kuka. Baba, ba mu da abin biyanka, Allah Ya biya ka.

Muna gode wa mai gashin da ta yi ta auna lanƙwasar gwiwar ba gajiya, da kulob ɗin da ya sabunta masa kwantiragi tun yana ɗingishi.

Idan kaka ta ƙare zai zo gida, in sha Allahu. Za mu yi walima, za a sanar da rana. Ku ci gaba da sa shi a addu'a. Allah Ya bar zumunci.