Juriya ba ta maganin yunwa

Daren Talata wajen ƙarfe biyu na shiga siton asibitinmu ɗauko safar hannu, sai ga ɗalibarmu ɗaya mai koyon aikin nas tsugune bayan kwalayen ledar ruwa tana ta kuka, ta toshe baki da gefen hijabi wai kar a ji. Wani dattijo ne ya cika a hannunta, karon farko kenan da ta gani. Na ce 'yata tashi, me kika ci yau? Wai tun kokon safe, daga Agege ta taso, motar danfo biyu ga gosulo, tana isowa aka ce ta karɓi aiki. Na aika aka karɓo mata shayi da burodi wajen mai shayin bakin get, na zauna kan kwali har ta shanye. Ban mata wa'azi ba.

To ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kenan, duk taron bita da za a kira mu sai an ce ku zama masu juriya, ku kula da lafiyar ƙwaƙwalwarku, a raba mana lemo da biro a watse. Wallahi mu nas-nas ba juriya muka rasa ba. A garin nan na Legas fa Ebola ta sauka a 2014, Dakta Adadevoh da ta duba wanda ya shigo da cutar ta rasu, nas Justina Ejelonu ma ta rasu, kuma washegari mutane suka sa kayan aiki suka fito. Hannu muka rasa. A farkon 2024 shugaban hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa da bakinsa ya ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, maganin da suka kawo a lokacin kuma wai sai ka yi aikin shekara biyu kafin a tantance maka takardun fita. Wanda ya rage shi ke ɗaukar aikin mutum uku.

Ni dai tunda aka ba ni shugabancin ɗakin nan na gane ikona kaɗan ne, albashi ba a hannuna yake ba, amma jadawalin diyuti nawa ne. Ba na jera wa mutum dare huɗu, mai jego ina duba ta, kuma dole kowa ya fita minti ashirin ya ci abinci ko da ni zan tsaya a madadinsa. Mataron ɗin, wato babbar nas, da ta koyar da mu, Allah ya jiƙanta, in ta ga hawayenki cewa take ki koma gida ki yi aure. Na daɗe ina ganin hakan ne tarbiyya, har na yi wa wasu, ina jin kunyar abin yanzu.

Jiya yarinyar ta tare ni a bakin get, wai Anti ya ake neman takardar tafiya Ingila. Na ce ki bari ki ci jarrabawa tukun, sai na nuna miki.