Makafi ma suna hawa intanet fa

Masu haɗa shafukan intanet don Allah ku riƙa tunawa da makafi. Mutum yana amfani da TalkBack a wayarsa ko NVDA a kwamfuta, manhajar ce ke karanta masa komai da murya, kai kuma ka jibga hoto ba bayani, sai ta ce masa "hoto" kawai ta wuce, ko ta kama karanto sunan fayil, lambobi barkatai. Wanda ya fi ban haushi sanarwar ɗaukar aiki da ake sawa cikin hoto gaba ɗaya, ta ina zai san an buɗe? Ga rubutu toka-toka a kan fari wai gayu, alhali ƙa'idar WCAG, wato ƙa'idar haɗa shafukan intanet yadda masu buƙata ta musamman za su iya amfani da su, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1. Bidiyo ma a sa masa rubutu a ƙasa saboda kurame.