Akurkin da ake ɗagawa: yadda za a haɗa shi ya jure zafin Garwa da Marwa

A gidajenmu na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, tsakar gida ƙasa ce a daɓe, ba ciyawa. Saboda haka amfanin akurkin da ake ɗagawa a wurinmu biyu ne: ya bi inuwa, ya kuma gudu daga kashin kaji kafin ya zama cuta. Duk wani abin da za a ƙara masa, a fara tambaya ko mutum biyu za su iya ɗaukarsa. Idan ya wuce kilo 50, mako biyu ma ba za a yi ba za a gaji da jan sa, ya koma akurkin zaune.

Girman da ya fi sauƙi shi ne tsawo mita 2, faɗi mita 1, na kaji biyar, wato huɗu da zakara. An zaɓi mita 1 ne don ragar waya galibi da faɗin nan take zuwa, ba sai an yi ta yanka ana haɗi ba. Gefe ɗaya ya tashi mita 1, ɗayan santimita 80, don ruwan sama ya gangara. Santimita 80 na tsawon shi ne makwanci mai rufin kwano, sauran mita 1.2 filin yini. Ba a yi masa daɓe ko shimfiɗar katako a ƙasa. Ƙasar gidan ce ƙasansa.

Kayan aiki: farin katako mai kauri santimita 4 da 8, kimanin mita 28, ragar waya mita 10, fallen kwano ɗaya, zana biyu, ƙusa mai santimita 7 da ƙananan ƙusoshin kama raga, sakata biyu, tsohuwar tayar mota, jarka mai lita 20. A ce wa kafinta ya tsaga katakon ginshiƙai da na sama gida biyu, na ƙasa kaɗai za a bari da kaurinsa. Jan katako da azara sun fi ƙarko, gaskiya ne, amma nauyinsu ya hana.

Ana fara haɗa murabba'in ƙasa, a tsayar da ginshiƙai shida, uku a kowane dogon gefe, sannan a ɗaure su da na sama. Abin da kafintoci da yawa ke tsallakewa shi ne tokara. A kowace kusurwa a buga guntun katako a karkace, kamar santimita 50. Akurkin da ba ya motsi zai iya zama ba tokara, amma wanda ake ɗagawa kullum murɗewa yake, ƙusoshi su saki, ƙofa ta daina rufuwa. Bayan haka sai a buga dogayen katako biyu masu mita 2.6 a gefe da gefe, santimita 40 daga ƙasa, su zarce da santimita 30 gaba da baya. Su ne mariƙa, kamar na amalanke, kuma a kansu ake gitta sandar kwana. Sandar ta kai kaurin ƙotar fartanya, a goge ta sumul. Kowace kaza tana buƙatar santimita 20.

Kan raga kada a yi rowa. Siririyar nan mai manyan ƙofofi kaza kawai take tsarewa, ba ta tsare abin da ke zuwa cin kaza. Muzuru da kare suna yaga ta, ɓera da maciji suna ratsa ta. A nemi mai kauri wadda ƙofofinta ba su wuce santimita 1.3 ba, wadda ɗan yatsa ba ya shiga. A buga ta ta waje, ƙusa duk bayan santimita 10, a bi bakinta da siririn katako don kada ta yanki hannu. Saman filin yini ma a rufe shi, saboda shaho da shirwa. Abin da ya rage na ragar a yanka shi tsiri uku, a ɗaure a gindin akurkin ya kwanta a ƙasa ta waje, a danne da duwatsu. Gafiya da tunku daga gindin bango suke fara tono, idan suka ci karo da waya sai su haƙura.

Ƙofa biyu: ƙarama ta kaji a ƙarshen filin yini, da ta ɗaukar ƙwai a bayan makwanci. Robar taya da aka yanko aka buga da ƙusa tana riƙe ƙofa sarai, ba ta tsatsa. Jarkar kuwa a kwantar da ita a yanke gefe ɗaya, a zuba yashi da ɓawon gyaɗa, ta ishi kaji huɗu saka ƙwai.

Rufi shi ne inda ake asarar kaji. A watan Maris da Afrilu zafi a Garwa kan haura digiri 40, kaza kuma ba ta gumi, haki kawai take yi da buɗe fikafikai. Kwano tsirara a kanta da rana tsaka kashe ta yake. A yanka fallen ya zama mita 1.3 don ya leƙo ta kowane gefe, a gitta sanduna biyu a kansa, a shimfiɗa zana a bisa sandunan yadda za a sami rata kamar santimita 10 da iska za ta bi. Zana ta biyu a kan ragar sama. Bangon makwanci ma raga ce kawai, kada a toshe shi da katako. Da hunturu a rataya buhu ta ɓangaren arewa maso gabas inda iskar ke fitowa, da bazara a cire. Ruwa lita 3 a yini ga kaji biyar, a kaskon ƙasa, a inuwa, a canza shi da azahar.

Gara ba ta cika samun sukunin akurkin da ake motsawa ba, amma katakon ƙasa a shafa masa baƙin mai ta ƙasa da ta waje, a bar shi ya sha rana mako guda kafin a sa kaji. A buga robar taya a ƙarƙashinsa don ya ɗan rabu da laima. Rashin nauyi ma yana da tasa illar: hadarin farkon damina, Mayu zuwa Yuni, yana kifar da akurkin. A kafa turken rodi biyu a ɗaure shi da igiya.

A matsar da shi duk bayan kwana biyu ko uku, da damina kuwa kullum, domin ƙwayar cutar da ke sa kaji kashin jini tana nuna a cikin kashi mai laima cikin kwana ɗaya zuwa biyu. A share wurin da aka tashi, kashin ya tafi gona, a bar rana ta gasa wurin aƙalla wata guda kafin a dawo. Duk ranar ɗagawa a leƙa mahaɗar katako da bakin sandar kwana, nan kaskar kaji ke ɓuya da rana ta fito da dare. Kaskon toka da yashi a ciki yana ba su wurin birgima.

Kazar da aka tsare ba ta kiwo, don haka dusa kaɗai ba ta isa. A haɗa da tsaki, garin ƙuli da ganyen zogale, ko a sake su awa ɗaya da yamma. Akurki kuma ba ya hana annobar Newcastle da ke share kaji da hunturu. LANAVET, cibiyar gwamnati ta magungunan dabbobi da ke Bokle kusa da Garwa, tana yin maganin rigakafinta; a nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi tun watan Oktoba. Kazar da aka sayo a kasuwa ta yi mako biyu a ware kafin ta shiga cikin sauran.