Ƙudan hawainiya: daga ina ya taso?

A ɗakin ajiye dabbobi na sashenmu, inda na yi aikin binciken shekarar ƙarshe, babu wadda ta kai hawainiya wahalar ciyarwa. Kunkuru a zuba masa ganye ya ci, ɓera kuwa ba ya zaɓe. Ita sai abin da ke motsi. Ka ajiye mata mataccen ƙwaro, sai ya bushe a wurin ko kallo bai ishe ta ba. Namu irin na gida ne, wadda masana ke kira Chamaeleo africanus, ana samunta tun daga ƙasashen Sahel har Masar. Masu kiwo a Turai da Amurka sun fi ajiye ta Yaman mai doguwar hula ko ta Madagaska, kuma gyare ake sayar musu a kwali. Mu ba mu da wannan gatan, sai abin da hannu ya kama.

Ƙuda shi ne mafi sauƙin samu, kuma tana son sa ƙwarai. Da an saki guda biyu a keji, hawainiyar da ta wuni lamo a kan reshe sai ta farfaɗo. Ido ɗaya na bin ƙudan, ɗayan na kanka. Can sai idanun su haɗu wuri guda, ta ɗan buɗe baki, kan harshe ya leƙo, kafin ka ƙifta ta cafke. Harshen kan kai tsawon jikinta, a wasu ƙananan nau'o'i ma ya ninka shi. Ga jarirai kuwa, waɗanda fara ta fi ƙarfin bakinsu, ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓen ayaba su ne abincin farko.

Dattijon da ke kula da ɗakin, Baba muke ce masa, ba ya karɓar kwalbar ƙuda sai ya yi tambaya ɗaya: "Yaro, a ina ka kamo?" In aka ce bayan ɗakin kwanan ɗalibai ko kusa da mahauta, sai ya buɗe murfin ta taga ya sake su. A wurinsa na fahimci cewa ƙuda biyu iri ɗaya ba lallai su zama abinci ɗaya ba. Wanda ya taso daga masai ko juji yana ɗauke da abin da ya taka, a ƙafa da baki da ciki, har da ƙwayar cutar Salmonella da ƙwan tsutsar ciki. Abin da Baba ya fi tsoro ma maganin ƙwari ne. Shaguna da gidaje da yawa ana yayyafa piya-piya, wanda sinadarin cikinsa ke taɓa jijiyoyi. Ƙudan da ya shaƙa bai mutu ba yakan yi nauyi, yana tafiya a ƙasa yana juyi, shi ne kuma ya fi sauƙin kamu da hannu. Dabbar da duka nauyinta bai taka kara ya karya ba, ɗan kaɗan ya ishe ta.

Wani abokin karatuna ya taɓa ja da shi. Ya ce, "Baba, ai a daji ba wanda ke wanke mata ƙuda." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, don yawancin waɗanda aka kamo daga daji da tsutsarsu suke zuwa, mun gani da idonmu da aka duba kashinsu a madubin awo mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Sai dai ta daji tana kasayar da kashi daga saman bishiya ta yi gaba. Ta keji kuwa tana zaune da nata, ƙuda ya sauka a kai ta harbe shi ta haɗiye, cutar ta yi ta zagaye tana ƙaruwa. Ga takurar keji da ke rage mata ƙarfin jiki. Kuma ƙudan da ke shan fure a fadama daban, na bakin kwata daban.

Dabarar da muka tsaya a kai ba ta da tsada. A yanke gorar ruwa ta roba, a kifa saman cikin gindin ya zama mazurari, a sa ɓawon mangwaro ko ayaba, a rataye a lambun da aka tabbatar ba a feshi. Nama ko kifi ba a sawa, don su ne ke janyo koren ƙudan mushe. Waɗanda suka shiga tarkon ba su ake ba hawainiya ba, iyaye ne. A zuba su a kejin raga da ruwan sukari, a ajiye musu jiƙaƙƙiyar dusa da aka kwaɓa da madara. Ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kwana guda, tsutsa ta ci ta ƙoshi, ta rarrafa ta nemi busasshen wuri ta zama ɗan ƙulli mai ruwan ƙasa. Da zafin bazara, kwana 7 zuwa 10 sabon ƙuda ya fito, da hunturu ya fi jinkiri. Warin ɗakin dai sai haƙuri, ba mai son zama kusa da mu a aji.

Ko da ƙudan ya tsarkaka, ba ya riƙe babbar hawainiya. Ƙarami ne, sinadarin kalsiyam ɗinsa, wato mai gina ƙashi, kaɗan ne. Sai mu sa kwalbar a firji na 'yan mintuna su yi laushi, a barbaɗa musu garin kalsiyam a girgiza, sannan a sake su. Kejin hawainiyar kuma a fitar da shi hantsi, da inuwa a gefe, domin in ba hasken rana, jikinta ba ya iya amfani da kalsiyam ɗin, hasken da ya ratso gilashin taga kuma ba ya yi. Wadda ta rasa wannan ƙafafunta kan lanƙwashe, haɓa ta yi taushi, harshe ya daina kaiwa. Ruwa ma ba ta cika sha a kwano ba, sai a fesa wa ganye ta lashe.

Cikon abincin fara ce da gyare daga ciyawar da ba a yi wa feshi ba. Farar tumfafiya ce kaɗai Baba ya hana ko a shigo da ita ɗakin, saboda tana tara dafin ganyen da take ci a jikinta.