Alhamis, Gidan Makama da Karofi

Yau dai Allah Ya yi, mun fita da 'yan aji biyar. Tallafin da tsofaffin ɗaliban makarantarmu suka haɗa don a koya wa yara tarihin garinmu Kano bai taka kara ya karya ba. Hayar bas ta cinye fiye da rabi, ragowar muka sayi littattafan rubutu da ruwan leda. Kafin mu tashi hedimasta ya tare ni a bakin ofis: "Malama, kowace naira a zo min da rasidinta." Na ce, "To, ranka ya daɗe," a raina kuwa ina cewa mai ƙosai ina za ta samo rasidi?

A hanya na nuna musu ragowar ganuwa, na tambayi ko sun san mece ce. Wani yaro ya ce, "Malama, ai tudun da ake zuba shara ne." Raina ya sosu, amma ban ga laifinsa ba, abin da idonsa ya tashi yana gani ke nan. Na ce masa Sarki Gijimasu, wanda ya hau mulki a 1095, shi ya fara gina ta, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Ya sake leƙawa ta taga, da alama bai gamsu ba.

A Gidan Makama jagora ya yi bayani tiryan-tiryan: gidan Muhammadu Rumfa ne kafin ya zama sarki a 1463, shi ya gina fadar da Sarki yake ciki har yau, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Yara suka duƙufa suna kwafa kamar ana shifta, ko ɗaga kai ba sa yi. Sai da aka zo wajen tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari suka farfaɗo. Wata ta ce, "To in mutum ya makara aka rufe fa?" Ya ce sai ya kwana a waje har gari ya waye. Nan fa aka kaure da musu.

Karofin Ƙofar Mata shi ya biya kuɗin motar. A jikin allon wurin an rubuta shekarar kafuwarsa, 1498, amma ba wanda ya tsaya karantawa, duk sun yi kan ramukan suna toshe hanci. Wani dattijo, hannunsa shuɗi har gwiwa, ya zaunar da su ya nuna musu baba da toka da ake jiƙawa a bar su su tsumu. Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago shi kore-kore, ya riƙe a iska, suna kallo ya rikiɗe ya koma shuɗi. Suka sa ihu. Ya ce su ƙirga, ya yi ta tsomawa yana ɗagowa, launin na ƙara duhu. Daga can gefe ana jin masu bugu suna dukan shadda. Ya ce da su akwai ramukan da suka daɗe a bushe, samari sun fi son tuƙa adaidaita. Ba wanda ya rubuta komai a nan, ni ma ban ce su rubuta ba.

Dutsen Dala sai wani jiƙon, kuɗi sun ƙare.

Bayan isha'i mahaifiyar wata yarinya ta kira ni, wai an ɓata wa 'yarta hijabi da shuni, gobe da me za ta je makaranta? Na yi ta ba ta haƙuri. Da ta huce sai take gaya min ai kakan yarinyar marini ne, da rini ya aurar da su duka, yanzu ido ya yi rauni yana gida. Na roƙe ta ko zai zo ya yi wa aji bayani. Ta ce za ta tambaye shi, amma sai dai mu aiko da adaidaita, kuma ba ya fita kafin hantsi.