Abin da aikin sito ya koya mini game da zaɓen oba-oba ta dijital

Duk wanda aka ɗora wa alhakin sayo wa ma'aikata oba-oba, abu na farko da idonsa zai faɗa a kai shi ne nisan zangon da aka buga a jikin kwali, kuma a ganina babu lambar da ta kai ta rashin amfani. Ina aiki ne a sashen kula da kaya na wani kamfani a rukunin masana'antu na Sharada da ke Kano, inda masu gadi da masu lodi da direbobi ke buƙatar jin juna daga safe har dare, kuma a nan na fahimci cewa kilomitocin da ake rubutawa an auna su ne a fili fetal, inda babu gini ko bishiya a tsakani. Ƙarfin oba-oba ta hannu galibi ba ya wuce wat 4 a zangon UHF ko wat 5 a zangon VHF, wato rukunan mitar rediyo biyu da waɗannan na'urori ke aiki a kansu, saboda haka abin da ke yanke hukunci a kan nisa shi ne tsayin eriya da kuma abin da ya shiga tsakanin masu magana. Zangon UHF, wanda galibi ke kamawa daga megahaz 400 zuwa 470, ya fi iya ratsa bangon bulo da kewaya ƙarafa, shi ya sa ya dace da sito da masana'anta da cunkoson gine-gine irin na Kantin Kwari. Shi kuwa VHF, daga 136 zuwa 174, ya fi amfani a gona da wuraren da ke buɗe.

Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne, amma dole a yi shi a wurin aikin, ba a shagon dillali ba. A nemi dillalin ya kawo samfuri, a tsayar da mutum ɗaya a bakin ƙofar shiga, wani a can ƙuryar sito bayan jibgin buhuna, wani kuma a gefen janareta yana aiki, sannan a riƙa karanta lambobin motoci da adadin kaya ana rubutawa. A yi wannan lokacin da sito yake cike maƙil, domin na'urar da ta ratsa shi sa'ad da babu kaya tana iya gazawa ranar da kaya suka kai rufi. Dalilin karanta lambobi shi ne oba-oba ta dijital ba ta aika muryar mutum yadda take. Tana matse ta ne ta mayar da ita bayanai, sannan ta sake gina ta a ɗaya ɓangaren. Wannan ne ke sa ƙarar janareta ta ragu sosai, abin da masu lodi suka fi yabawa, amma shi ne kuma ke sa muryar ta ɗan sauya, har "bakwai" da "takwas" su rikita mai saurare idan na'urar ba ta da inganci.

Akwai wani bambanci da ya kamata kowane mai gadi ya sani tun kafin a miƙa masa na'urar. Tsohuwar oba-oba ta analog tana gargaɗin mai ita, domin yana nisa shuu ɗin yana ƙaruwa, har ya gane ya kusa fita daga zango. Ta dijital kuwa murya na nan tangaran har zuwa bakin iyaka, daga nan sai ta kakkarye ko ta ɗauke gaba ɗaya. Wani dattijo cikin masu gadinmu ne ya fara lura da haka a zagayen dare, ya ce mini, "Malam, wannan ba ta sallama, tafiyarta kawai take yi." Tun daga lokacin nake bin katangar kamfani da ƙafa da kowane samfuri, ina alamta wuraren da yake ɗaukewa, domin lungun da magana ba ta kai shi ne wurin da mai gadi ya fi buƙatar a ji shi.

Darasin da ya fi tsada ga wanda bai sani ba shi ne cewa na'urorin dijital ba tsari ɗaya suke bi ba. Akwai DMR, wanda hukumar tsara ma'aunin sadarwa ta Turai, ETSI, ta fitar a 2005, kuma a kansa Motorola da Hytera suka gina da yawa daga cikin na'urorinsu. Akwai NXDN na kamfanonin Icom da Kenwood, akwai kuma TETRA, kuma mai riƙe da ɗaya ba zai ji mai riƙe da ɗayan ba ko da suna kan mita guda. DMR yana raba tasha ɗaya mai faɗin kilohaz 12.5 gida biyu ta hanyar karɓa-karɓa, ta yadda idan aka kafa ripita ɗaya, wato na'urar da ke karɓar magana ta sake watsa ta don ta yi nisa, masu gadi na iya magana a gefe guda, masu lodi a ɗaya gefen, ba tare da sun katse juna ba. Ko a cikin DMR ɗin ma, kiran murya na yau da kullum ne ke tafiya tsakanin kamfani da kamfani. Tsarin ɓoye magana sau da yawa ba ya jituwa. Wanda kuma yake da tsofaffin na'urori ya nemi wadda ke aiki da analog da dijital duka, don ya sauya su sannu a hankali.

Awannin batir da ake rubutawa an lissafa su ne bisa cewa kashi 5 cikin ɗari na lokaci ana magana, kashi 5 ana saurare, kashi 90 kuma na'urar tana zaune. Ranar da tireloli suka yi layi a ƙofa babu wanda ke magana kashi 5 kacal, ga zafin watan Afrilu da ke gajiyar da batir. Saboda haka ina tambayar farashin batir na biyu, da ko ana samunsa a nan Kano, kafin in tambayi farashin na'urar kanta. Haka batun ƙura: alamar IP54 tana nufin kariya daga yawancin ƙura da feshin ruwa, IP67 kuwa tana nufin ƙura ba ta shiga sam, kuma na'urar za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Wanda ya taɓa ganin yadda ƙurar hunturu ke toshe ramukan lasifika ba zai ɗauki wannan bambanci da wasa ba.

Saura batun saiti, wanda masu saye suka fi mantawa da shi. Oba-oba ta dijital galibi ba ta aiki sai an haɗa ta da kwamfuta an shigar mata da mita da lambar rukuni da lambar kowace na'ura, kuma wasu dillalan suna kulle wannan saitin da kalmar sirri, ta yadda ko tasha ɗaya ake son ƙarawa sai an koma wurinsu. Shi ya sa nake neman a rubuta a takardar ciniki cewa za a ba mu kwafin saitin da wayar haɗi da manhajar, a kuma rubuta lambar jikin kowace na'ura a rasit domin a iya tantance ta da jabu. Mitar da za a saka ma ba ta dillali ba ce da zai zaɓa yadda ya ga dama, izininta a hannun hukuma yake, kuma kamfanin da ke amfani da na'urar ne za a tuhuma idan maganarsa ta hau kan mitar wasu.