Jerin da ke komawa lamba 1

Ina tsara jerin sarakunan Kano na zamanin Fulani a Wikipedia ta Hausa, sai na ga kowane suna yana son ɗan bayani a ƙarƙashinsa. Sulaimanu na farko, Ibrahim Dabo da ya hau a 1819 na biyu, sai ɗansa Usman. A MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke tafiya a kanta, alamar # a farkon layi ita ke ba da lamba. Amma kana sauka sabon layi, abin ya ƙare. Na rubuta bayanin Dabo a layi na gaba, jerin ya yanke, Usman ya fito da lamba 1.

Dabaru akwai su. Kana iya cusa alamar br ta HTML (harshen shafukan yanar gizo), mai karya layi, 
 a tsakiya ka ci gaba a layi ɗaya, sai dai layin ya yi tsawon da gyara shi a waya wahala ne. Kana iya fara layin ci gaba da #: wanda ke riƙe lissafin, ko da yake a ƙarƙashi wani ƙaramin jeri daban yake ƙirƙira don kawai ya tura rubutun ciki. Ko ka koma HTML tsantsa da alamominsa na jeri, ol da li. Wannan yana aiki sarai, amma wa zai ba sabon edita shi ya ce masa ga sauƙi?

Abin ya sa na gwada wasu tsare-tsaren a rubuce-rubucena na gida. Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004, ya yarda abu ɗaya ya ɗauki sakin layi da yawa, muddin ka tura su ciki da tazara. A kwamfuta lafiya lau. A waya kuwa ƙirga tazarar da ido ba ya gani aiki ne, kuma sau da yawa in aka kwafo rubutu daga wani wuri sai ta ɓace.

Wanda ya fi kwanta mini shi ne Creole, tsarin da aka fitar a 2007 don wiki daban-daban su samu rubutu na bai ɗaya. Dokarsa gajera ce: abu a jeri yana ci gaba har sai an haɗu da sabuwar * ko #, ko layin da ba komai, ko kanun sashe, ko tebur. Ka sauka layi yadda ka ga dama. Haka ma mutum ke yi da biro a takarda.

Kyauta dai ba ce. A Creole dole ka bar layi fanko kafin sakin layin da ke bin jeri, in ba haka ba ya manne da abu na ƙarshe. Kuma bai ba ka sakin layi biyu a abu ɗaya ba, tunda layin fankon shi ke rufe jerin. Iyakarka \\ don karya layi. Nan ne na fahimci abin da zai hana tsohon wiki canja doka cikin sauƙi: shafuka bila adadin an rubuta su da sakin layi manne da gindin jeri, canjin zai haɗiye su duka.

Don haka ra'ayina ya rabu. Mai gina sabon wiki, musamman na masu rubutu da waya, ya ɗauki dokar Creole tun daga tushe. A Wikipedia kuwa #: nake amfani da ita in bayanin gajere ne. Jerin sarakunan ma daga baya tebur na mayar da shi, suna a gefe, shekaru a gefe, bayani a nasa gurbin.